Takardar da Na Cike wa Barakatu

Wudil,
Ranar Litinin.

Zuwa ga Yayana, Alhaji Muhyiddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Suwaiba da yara da duk 'yan uwan da ke tare da ku a Fatakwal. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya zama kaffara, ya yi wa kasuwa albarka, ya tsare ku daga abin ƙi. Mu nan sai godiya. Zafin bazara ya kai inda ya kai, wutar lantarki kuwa takan leƙo ta gaishe mu ta wuce. Ɗanka Jamil ya gama jarrabawa, ya ce ya yi ƙoƙari, mu kuma muna jiran takarda ta faɗi nata.

Kafin komai, ina sanar da kai a madadin iyali baki ɗaya cewa an yi wa ƙanenka naɗi. Shekara ashirin da shida ina koyar da tarihi a sakandare ba wanda ya taɓa ba ni ko hankici, sai ga shi bana na zama Jagoran Masu Bincike na yankin Utai. Rawanin sarautar hular hana-sallah ce ruwan ɗorawa, da kati mai igiya da ake ratayawa a wuya. Ranar da na fito da su, uwargida ta yi dariya har sai da ta nemi kujera.

Ga yadda abin ya samo asali. Wata ƙungiya ce daga Abuja ta zo da wasu malaman jami'a, wai za su binciki lafiyar jiki da ta tunani ta mutanen da ambaliyar daminar bara ta shafa. Mai unguwa ya miƙa sunana saboda na iya karatu, kuma ba zauren da za a kore ni. Na karɓa da murna, ina zaton zan ga ilimi yana aiki. Ranar farko shugabansu ya sauko daga mota da ruwan gora a hannu, ya tsaya gaban katangar wani dattijo da ta rushe don a ɗauki hoto. Dattijon ya ji baƙi za su zo, ya saka rigarsa ta Juma'a, ita kaɗai ruwa ya bar masa. Sai aka ce in roƙe shi ya cire ta, wai ya yi kyau da yawa, ba zai yi kama da wanda masifa ta samu ba. Yaya, na roƙe shi, kuma ya cire. Shugaban ya koma mota, ban sake ganinsa ba har yau.

Takardar tambayoyin kuwa guda arba'in da biyu ce, an juya ta zuwa wata irin Hausa da ban taɓa jin mai rai ya yi magana da ita ba. Za ka zaunar da manomi a gaban maƙwabtansa ka tambaye shi sau nawa cikin mako biyu ya ji rayuwa ba ta da amfani, ya zaɓa tsakanin wani lokaci da sau da yawa da kullum. Mutanenmu ma ba su bar ni na yi alfahari da su ba. Jita-jita ta bazu cewa jerin sunayen rabon shinkafa ake yi. Mudassir mai faci, wanda gidansa ke kan tudu, ruwa ko dokin ƙofarsa bai taɓa ba, ya amsa kowace cuta da ke cikin takardar, har da wadda aka tanada don masu juna biyu. Waɗanda kuwa ruwa ya cinye wa gona da rumbu da ɗaki, kowa ka tambaya sai ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Idan aka buga wannan bincike yadda yake, duniya za ta karanta cewa masu lafiyar Utai na bakin kabari, waɗanda suka rasa komai kuma garau suke.

Ka san namiji baƙo ba ya wuce zaure. To, masu tambayar kusan duk maza ne, don haka mai gida ke amsa wa kansa, ya amsa wa matarsa. Don a yi sauri sai suka riƙa ba ni takardu ina cikewa. Da muka isa gidan Isyaku, ni da shi muka zauna da kwanon fura muka cike ta matarsa, ƙanwarmu Barakatu. Ina karantawa yana cewa babu, ina sa alama. Wasu tambayoyin ban ma karanta ba, na ce ai ƙanwata ce, ciki ɗaya, wa zai gaya mini halin da take ciki.

Mace ɗaya ce a cikinsu, Malama Rahila, mai koyar da aikin jinya, 'yar wajen Billiri, Kirista. Da na miƙa mata takardar sai na haɗa mata da lacca, ka san halina. Na ce mata wannan ciwon damuwa da suke nema na mutanen da ba su da dangi ne, mu nan muna da tawakkali, muna da zaman makoki, muna da 'yan uwa, mutum ba ya kwana da baƙin ciki shi kaɗai. Har littattafai na jawo mata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni cikin ladabi ko Barakatu ba ta iya magana ne. Ta ɗauki sabuwar takarda ta shige cikin gida.

Abin da ka sani shi ne abin da muka gaya maka ta waya: ruwa ya shigo da hantsi, Barakatu ta goya Iya, mahaifiyar Isyaku, za ta haye da ita tudu, zanin goyon ya kwance a tsakiyar kwari, ruwa ya tafi da tsohuwa, aka tsinci gawarta a rana ta uku. Muka yi zaman makoki, kowa ya ce kwana ne ya ƙare, Barakatu ma ta ce haka. Daga nan muka rufe maganar, muka koma kan gyaran katanga.

Rahila ta shiga da hantsi, ba ta fito ba sai bayan azahar, mu muna cikin mota muna ƙorafi. Ga abin da ta gani. Da aka kira sallah, Barakatu ta ɗauki buta cike da ruwa ta zagaya bayan rumbu. Ta ajiye ta, ta buga tafukanta a jikin bango, ta shafa fuska da hannuwa, sannan ta tuntsurar da ruwan a ƙasa don a ga ta dawo da buta ba komai. Rahila cikin Musulmi ta tashi, ta san ba a taimama ga ruwa a gefe. Sai da aka idar da sallah, sannan ta matsa kusa ta tambaye ta a hankali. Yaya, wata takwas ke nan ƙanwarmu ba ta yi alwala ba. Ta ce da ruwa ya taɓa ƙafarta sai ta ji hannuwan Iya suna zamewa daga wuyanta, numfashinta ya ɗauke. Wanka da jiƙaƙƙen tsumma take yi. Ruwan sha sai ta runtse ido ta kurɓi kaɗan, a wannan zafin. Wanki da wanke-wanke ta bar wa 'yarta Juwairiyya, ta ce mata sanyin ƙashi ke damunta. Da aka auna jininta ya hau sosai, ƙafafunta sun fara kumbura, Rahila kuma na tsoron kada ƙodarta ta taɓu. Sai da ta nemi izinin Barakatu kafin ta gaya mini.

Akwai likitan da ke zuwa nan cikin gari duk Alhamis don ganin waɗanda binciken ya gano, yana duba jiki, yana kuma zama ya saurari mutum. Abu mai amfani ɗaya ke nan da na gani a duk wannan hidima, shi ma Alhamis ɗin nan mai zuwa ce ta ƙarshe, domin aikin ya ƙare, za su naɗe takardunsu su tafi. Ga shi hadari ya fara haɗowa ta gabas. Matar da ba ta iya jure ruwan buta, ban san yadda za ta yi da damina ba.

Na sami Isyaku da maganar, ya ƙi. Ya ce iskar kogi ce ta shafe ta, zai kira mai ruƙiyya. Na ce a yi addu'a, ba wanda ya hana, amma a kai ta likita. Ya ce ba za a rubuta sunan matarsa cikin masu taɓin hankali ba, yana da 'ya'ya mata a gida. Sannan ya fito da abin da ke cin ransa na gaskiya, wai yaya za a ce baƙuwa, wadda ba ma Musulma ba, ita ce za ta shigo gidansa ta ga yadda matarsa ke sallah. Wannan magana ta ɓata mini rai fiye da hoton dattijon nan. Matarsa na bushewa a tsaye a gabansa, shi kuwa damuwarsa wa ya gani. Na so in ɗaga masa murya, sai ya tuna mini cewa ni da hannuna na rubuta babu a takardarta.

Ranar Juma'a bayan na taso daga masallaci na hau mota na je na gan ta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da kai. Ta rame, Yaya, wuyanta duk ya fito, ni kuma sau nawa na je gidan nan cikin wata takwas ina tsayawa a zaure ina aika mata gaisuwa. Da Juwairiyya ta fita, sai ta sunkuyar da kai ta ce tunda ni mai karatu ne, in gaya mata ko za ta rama sallolin wata takwas. Ta ce ta san ba a karɓa ba, kuma ta san hukunci ne a kanta don ba ta ɗaure zanin da kyau ba. Abin da ya hana ta gaya wa kowa ke nan, tana ganin laifi take ɓoyewa. Na ce mata zan tambayo.

Na je wurin Liman, na ba shi labari ban faɗi suna ba. Ya ce wannan marar lafiya ce, addini kuwa ya yi wa marar lafiya sauƙi, kada wani ya ƙara mata nauyi a kan wanda take ɗauke da shi, amma wajibi ne a nemar mata magani. Na koma na gaya mata, ta yi kuka mai yawa, ta ce idan mai gida ya yarda za ta je. Liman ya ce a shirye yake ya yi wa mijin magana. Sai dai ka san Isyaku, zai ce wa Liman to, ya koma gida ya zauna. Kai kaɗai yake jin nauyi, kai ne waliyyinta, daga hannunka ya karɓe ta. Don Allah ka kira shi kafin Laraba. Kada ka yi masa faɗa, shi ma uwa ya rasa, kuma ba wanda ya tambaye shi komai ban da tambayoyin nan arba'in da biyu. Kada ka ambaci Rahila. Ka ce kai ne kake roƙo a kai maka ƙanwarka asibiti, hawan jini ma kaɗai ya isa dalili. Ni zan je in ɗauko ta da kaina, in mayar da ita kafin la'asar. Na rubuto ne maimakon in kira don na san kana sa waya a sifika a tsakiyar shago. Zan ɗauki hoton takardar in turo maka, ka karanta kai kaɗai.

Ka gaishe mini da Hajiya Suwaiba da kyau, da Bilya da Nu'uman, ka ce wa Nu'uman baffansa na nan yana jiran ya ji sakamakon makaranta. Uwargida da Jamil suna gaishe ku. Barakatu ma ta ce in gaishe ka, ta ce in ce maka tana nan lafiya lau.

Jiya na tare Malama Rahila a bakin mota na ce mata laccar da na yi mata ta ajiye mini kayana, ban san abin da nake faɗa ba. Dangin da na yi mata alfahari da su, ni ne na kusa a cikinsu, kuma ban wuce zaure ba. Na yi kuskure, Yaya. Ka kira Isyaku.

Wassalam,
Ƙanenka,
Yahuza.