Na Karɓo Miki Sunan Baba Mai Shayi

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Azumi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa ranar Asabar da ta wuce na karya alkawarin da na ɗaukar miki a asibiti. Na faɗa wa mutanen Bronx ko wane ne Baba Mai Shayi. Ban zo neman afuwa ba tukuna, Mma. Labari na zo ba ki, kuma na ajiye wasiƙar a fili don waɗanda ba su samu zuwa taron ba su ji daga bakina kafin Kawu Mamuda ya gyara musu shi.

Bari in faro daga kwamfutar, saboda yaran da za su karanta. Tsohuwar da kike yi wa jinya a Manhattan ta rasu, 'ya'yanta suna kwashe kaya suka ce ki ɗauki abin da kike so. Da wata ce, da bargo ko tukwane ta ɗauka. Ke sai kika rungumo wannan ƙatuwar aba mai ƙeya, kika shigo da ita jirgin ƙasa mai lamba huɗu har Morris Heights. Lif ya lalace a ranar, muka hau da ita bene muna hutawa a kowane hawa. Babana ya dube ta ya ce kin kawo mana talabijin da ba ya kama tasha. Ya manta cewa kafin ya aure ki, buga takardu kike yi a wani ofis a Kumasi, kuma yatsunki ba su manta ba.

Har yau ina jin kukan ɗan akwatin nan da ake kira modem, wanda ke haɗa kwamfuta da layin wayar gida. Ya fara danna lambobi ɗaya bayan ɗaya, ya yi tsuwa, ya yi kaki, sannan ya yi shuu kamar an zuba albasa a mai. Nakan toshe kunne, ke kuma ki ce, "Sallama yake yi, ki bari a amsa masa." Muddin kina ciki, babu mai taɓa waya, kuma duk wanda ya kira mu sai ya tarar layi a cike. Hoto ɗaya kan ɗauki lokacin da za ki je ki juya miya ki dawo, ki tarar an kai goshi.

Wata nas 'yar Jos ce ta nuna miki yadda ake tara adireshin mutane wuri guda, saƙo ɗaya ya isa ga kowa. Kika sa wa wurin suna Teburin Mai Shayi. Direbobin tasi suka zo, masu shaguna suka zo, ɗalibai, mutanen Nijar, har 'yan Park Hill da sai sun hau jirgin ruwa suke ganinmu. Kowa da irin Hausarsa, kowa da irin kuskurensa. A nan ake jin haihuwa da rasuwa, da wanda ke neman ɗaki, da shagon da ya kawo daddawa ta gaske. An yi wata guda ana musu tsakanin mutanen Kano da mutanen Zongon Kumasi a kan wa ya iya dafa wake da shinkafa. In mutum ya zage ka yau, sai gobe za ka gani, kafin nan shi ma ya huce. Ba kamar wayoyin yanzu ba, da ake raba zumunci tsakanin tasha da tasha.

Ke kuma kika zama Baba Mai Shayi, dattijon da ba wanda ya taɓa gani, mai raba faɗa, mai share zagi. Na tambaye ki me ya sa sunan namiji. Kika ce, "In suka san mace ce ke zuba shayin, rabi za su tashi, rabi su zauna don su koya min zubawa." Har babana ya koma Kumasi ya rasu bai sani ba, a zatonsa addu'o'i kike bugawa.

Abin da ba a gani a teburin shi ne saƙonnin bayan fage. Mata ne yawanci, daga laburare, daga wurin aiki, daga kwamfutar miji in ya fita. Suna rubuta wa dattijon da ba zai taɓa haɗuwa da su a gidan suna ba abin da ba za su iya faɗa wa kowa ba. In irin wannan ya shigo, sai ki aike ni sayen abin da muke da shi a kicin. Sau ɗaya na dawo da wuri na hango layin farko na amsarki, na yi dariya, don tambayar da kike min ce duk ranar da na shigo gida da kuka. Kika ce da ita kike buɗe wa kowa, kuma in kin amsa sai ki share nasu da naki. Ba ki ajiye ko ɗaya ba, ba ki faɗa min ko ɗaya ba.

Yanzu mu zo kan Kawu. Ɗan uwanki ne na nesa, amma ke kika karɓe shi da ya sauka, ya yi shekaru yana kwana a kujerar falonmu. Ba wanda ya tsani kwamfutar nan kamarsa. Yakan lallaɓa ya ɗaga kan waya da gangan don layinki ya yanke, ya ce ai ya manta ne, Yaya. Da ya buɗe shagonsa na aika kaya gida ya sayi tasa kwamfutar, sai ga shi a teburin. Bai yi wata biyu ba ya rubuta wa duniya cewa 'yar wani bawan Allah tana da ciki, alhali yarinyar ciwon ciki ne ya kwantar da ita. Baba Mai Shayi ya kore shi a ranar.

Kin tuna yammacin nan? Ya zo gidanmu yana huci, ya zauna gaban tuwonki, yana ci yana tsine wa Baba Mai Shayi. Ya ce duk ranar da ya kama tsohon banzan nan sai ya cire masa haƙora. Kika ce Allah ya huci zuciyarka, kika ƙara masa miya. Ni na gudu banɗaki na cusa tawul a baki.

Daga baya intanet mai sauri ya zo, wayoyi suka shiga aljihu, teburin ya watse a hankali. Ciwo ya kama ki. A gadon asibiti kika riƙe hannuna kika ce, "Ki bar tsohon nan a rufe, Zuwera. Matan da suka yi magana da shi su ci gaba da barcinsu." Na ce to, kuma na riƙe shekara da shekaru.

Bara ne wani ya tuno da teburin a guruf ɗin waya na ƙungiyarmu ta Hausawa, aka yi ta kewa, ana tambayar ko wane ne Baba Mai Shayi. Kawu ya rubuta cewa Allah dai ya rufa asiri. Aka matsa masa, ya ce ai kowa ya san daga wane gida saƙonnin suke fitowa, kuma kowa ya san wanda ke kwana a falon. Korar da aka yi masa ma, wai shi ya kori kansa don ya ɓatar da sawu. Mutane suka yi ta kabbara. Na karanta a jirgi, na wuce tashata ban sani ba. Amma na yi shiru, na ce suna ne kawai, kin fi ƙarfinsa.

Da a nan ya tsaya, Mma, da har gobe ina shiru. Sai wata ƙawarki, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta zo gidana ta kasa shan ruwan da na ba ta. Ta ce Kawu ya tare ta a gidan suna, ya sunkuyo ya ce, "Ni da ke mun san abin da muka sani." Tun ranar ba ta ƙara barci mai kyau ba. Ta ce ba ita kaɗai yake yi wa ba. Da ƙungiya ta tashi naɗa shi Sarkin Dattawa saboda hidimar teburin, matan da suka fi tsanarsa su ne suka fi rawar jiki wajen girki. Matar nan ta yi goyona, ga ta a falona cikin fargaba saboda mutumin da bai san komai ba. Barcin da kika ce in tsare musu, shiruna ne yake hana su shi.

Na so in gaya mata a take. Sai na ga in na yi haka ita kaɗai na kwance, sauran fa, ban ma san su ba. Kuma gaskiya, Mma, ina so ya sha a gaban jama'a. Na zauna na jira ranarsa, ina gaishe shi da ladabi duk inda muka haɗu, har ɗinki na yi.

An kama babban ɗakin taro kusa da titin Concourse. Kawu ya sha babbar riga, liman na riƙe da rawanin, mai gabatarwa ya gama jero alherin Baba Mai Shayi. Na nemi abin magana a matsayina na 'yar gida. Na yabi teburin, na ce ni shaida ce a falonmu aka kafa shi. Kawu yana ta gyaɗa kai. Sannan na ce duk wanda ya taɓa rubuta wa Baba Mai Shayi a asirce ya san da tambaya ɗaya yake buɗe amsarsa, ba ta taɓa canzawa ba, ina roƙon Kawu ya tuna mana ita don albarka.

Ya yi dariya, ya ce tsufa. Na ce muna jira. Ya ce ai yaya iyali ce. Ba wanda ya motsa. Ya goge goshi ya ce a'a, kin yi salla ce.

Daga can baya, wajen farantan abinci, ƙawar nan taki ta yi magana da ludayi a hannu, ba ta ko ɗaga murya ba: "Kin ci abinci?" Wata ta maimaita daga gefe. Wata ta maimaita. Wani tsohon direba ya cire hularsa ya ce shi ka ci abinci aka ce masa, ranar da ya rubuta cewa ya gaji da duniya. Matan suka shiga kallon juna, kowace ta ɗauka ita kaɗai ce. Ta ƙarshe da ta faɗa a babban tebur take zaune, kusa da Kawu, tana kallon cikin idonsa. Matarsa ce.

A nan na faɗi sunanki. Na ce Hajiya Azumi ce Baba Mai Shayi, ta karanta, ta amsa, ta share, ta tafi da komai kabari. Na ce mutumin nan ba ya riƙe da sirrin kowa, abin da ya sani game da kwamfutar shi ne yadda ake yanke mata layi. Liman ya naɗe rawanin ya mayar cikin leda, aka ce an ɗage naɗin. Ni kuwa na cika faranti da wake da shinkafa, na ja kujera na zauna daidai gabansa na cinye tas.

Na san abin da za ki ce, cewa ya isa haka. Bai isa ba, Mma. Ya turo min dattawa su ba ni haƙuri, na ba su shayi, na ce ba ni ya yi wa ba. Sharaɗina shi ne ya bi matan da ya raɗa wa magana ɗaya bayan ɗaya, ya ce musu ƙarya yake yi. Kafin ya yi haka, duk gidan suna, duk ɗaurin aure, duk zaman makoki da muka haɗu, zan durƙusa har ƙasa a gaban mutane in ce, Kawu, ka ci abinci? Ke kin iya ƙara wa maƙiyi miya. Ni ban gaji wannan ba, taurin kan kawai na ɗauko.

Kwamfutar tana nan a kabad ɗina. Jiya na fito da ita na jona, ta yi gurnani ta kawo haske. Jikarki Azumi ƙarama ta tambaye ni da Turanci mene ne wannan, na amsa mata da Hausa cewa teburin kakarki ne. Babu layin da za ta kira yanzu, babu mai amsa mata sallama. Na zauna ina kallon gurbin da yatsunki suka cinye a jikin haruffan, na yi kukan da ban yi a ɗakin taron ba. Ina kewarki ƙwarai, Mma. Ƙawarki ta kira ni da safe ta ce ta makara sallar asuba saboda barci, tana faɗa tana dariya.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa wa bayinsa. Allah ya haɗa ki da Baba a Aljanna, ki ba shi labarin da kanki. In karya alkawarin nan laifi ne, Allah ya ɗora shi a kaina ni kaɗai, ke kuma ki yafe min in mun haɗu.

Kafin ki tambaya, na ci abinci.

'Yarki,
Zuwera
Morris Heights