Rasuwar Hajiya Sahadatou Laouali, Wadda Ba Mu Tambaya Sau Uku Ba

Cikin alhini, da kunyar da ba za mu iya ɓoyewa ba, Gamayyar Inuwar Lafiya, mai horar da jagororin daidaito a harkar kiwon lafiya a biranen Paris da Lyon, ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Hajiya Sahadatou Laouali, mai rakiyar marasa lafiya a unguwar Les Minguettes da ke gefen Lyon, wadda Allah Ya karɓi ranta ranar Talata, 14 ga Oktoba, tana da shekara hamsin da takwas, bayan hawan jini ya daɗe yana cin ƙodarta ba tare da ɗayanmu ya lura ba.

Marigayiya ungozoma ce tun daga Damagaram, amma da ta zo Faransa sai aka ce takardarta ba ta aiki a nan. Ba ta naɗe hannu ba. Shekara goma sha tara tana hawa bene tana sauka, daga Minguettes har Vaulx-en-Velin, tana raka mata asibiti, tana yi wa likita tafinta, tana zana rana da wata a jikin kwalin magani domin tsohuwar da ba ta karatu ta bambance na safe da na dare. Ita ce ta fara zaunar da likita da lauya da jami'in gidaje a tebur guda a kan wata baiwar Allah da danshin bangon ɗakinta ya hana wa numfashi, tun kafin mu masu manyan takardu mu raɗa wa wannan aiki suna haɗin gwiwar fannoni.

Kowace shekara mukan gayyato ta Paris wurin horon da muke yi, mu ba ta minti ashirin a ƙarshen yini, bayan manyan daktoci sun gama nasu. Darasinta ɗaya ne: macenmu ko ciwo ya kusa kayar da ita, in ka tambaye ta jiki, da sauƙi za ta ce maka, don haka aka rene ta, sai ka ajiye biro, ka sake tambaya, ka kuma yi ta uku, sannan gaskiya ke fitowa. Mun buga wannan darasi a littafin horonmu, kuma babu sunanta a ciki.

Abu ɗaya ta taɓa roƙonmu, shi ne a ɗauke ta ɗaliba a wannan horo, ko ta samu takardar da za ta sa a saurare ta a asibiti a matsayin ma'aikaciya, ba 'yar rakiya ba. Sau biyu ta aiko da dosiyenta, wato takardun neman shiga, sau biyu muka mayar mata, wai dokarmu ta ce sai mai digiri. Mu ɗin nan da ke cika baki da zancen daidaito. A watan Satumba kwamiti ya soke wannan doka, ya karɓe ta, aka rubuta wasiƙa aka ajiye a teburina.

Dole nan in yi magana da bakina. Kwana goma kafin rasuwarta na kira ta domin tsara ranar darasinta na bana, ina sauri in kama metro, jirgin ƙasa na cikin gari, na gajarta gaisuwa kamar yadda muka saba a waya. Na ji muryarta ta yi ƙasa, na tambayi jiki, ta ce da sauƙi, na ce madalla, na wuce zancen lokacin jirgin da zai kawo ta Paris. Ni likita ne, kuma ni ke karantar da shafin nan nata na tambaya sau uku. Ban ma gaya mata an karɓe ta ba, don na fi son in miƙa mata wasiƙar a gaban jama'a, a ɗauki hoto. 'Yarta, Malama Mardiya, ta shaida mana cewa mu shida muka kira mahaifiyarta a wannan wata, kowa da buƙatarsa, kuma babu wanda ya kai tambaya ta biyu. Kwana na hannun Allah, ba mu ce da mun ƙara mata ko yini ɗaya ba. Amma wallahi kunya ta ishe mu.

A madadin shugabanni da ɗaukacin mambobin Gamayya, muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji Atiku Maman Sani, da 'ya'yanta, Malama Mardiya da Malam Amine, da dangi na Damagaram, da matan Minguettes da ta bari ba mai rakiya. Allah Ya jiƙanta, Ya sa aikinta ya bi ta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyali ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi. Muna roƙon su gafara, in sun ga za su iya. Za mu zo sadakar bakwai, ba jawabi, ba hoto, mu zauna inda aka nuna mana. Sunanta zai hau littafin da ya kamata ya hau tun farko.

Wasiƙar karɓarta ta yi mako biyar a teburina, ba abin da take jira sai sa hannun da ke ƙasan wannan takarda.

Dakta Yasin Chaibou
Babban Sakatare, Gamayyar Inuwar Lafiya, Paris