Kunamar Bindigar Yaya

Magariya, daren Alhamis

Yau na karɓo bindigar iskar marigayi Yaya Habu, wadda yake korar tsuntsaye da ita a gonarmu ta Waca. Sifirin ɗinta kaɗai na ce wa Ila, tsohon ɗalibina mai gyaran bindiga, ya canza. Ya miƙo mini yana murmushi: "Malam, har kunamar na sake maka, 'yar zamani, da taɓawa ta tashi. Tsohuwar ta cinye, na jefar."

Yatsan Yaya ne ya cinye ta. Nan nake ɗora nawa in kewarsa ta dame ni.

Na ce, "Allah ya yi albarka, aikinka ya yi kyau." Da gaske kuma ya yi. Sai da na shigo ɗaki na yi kukana.