Abin da Ya Yanke Wayar Ranar Suna

Sotega, Libreville

Zuwa ga Gwaggo Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ja mana kwananki. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗagawa. Mai jego Ikilima ta warware, jaririya kuma sai tsotso da barci.

Gwaggo, Yaya Mailafiya ya gaya mini kin yi fushi. Kin ce na kashe miki waya ranar suna a gaban matan da kika tara a ɗakinki, shi ya sa kika daina ɗaukar kirana. Wallahi ban kashe ba. Saboda ke ma na sayi sabuwar waya mai 4G, don ki ga komai da idonki. Liman na ɗaga hannu hotonki ya daskare, na yi ta kira ya ƙi shiga. Abin haushi, maƙwabciyarmu Veronica tana gefe da tsohuwar wayarta tana hira da 'yan'uwanta na Jos, ko yankewa babu.

Washegari na kai wayar unguwar Glass wurin Saliou mai gyara, ina faɗa jabu aka sayar mini. Ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Ya ce sabon sabis ɗin, wanda a nan muke kira rezo, ya fi sauri idan babu jama'a a kansa, amma duk unguwa eriya ɗaya muke rabawa, kuma kowa ya koma sabon. Ranar kuwa kusan duk wanda ya zo suna bidiyo yake aikawa gida. Tsohon sabis ɗin kuwa, wato 3G da wayar Veronica take kai, an watse an bar shi, ga murya ba ta da nauyin hoto. Ya ce kuma sabon ba ya ratsa bango kamar tsohon, mu kuwa ruwa ya kore mu cikin falo. Ya nuna mini yadda zan mayar da wayar kan 3G idan an yi cunkoso. Na gwada da Yaya ranar Juma'a, muka sha hira ba tangarɗa.

Ni na roƙi Yaya kada ya faɗa miki abin da liman ya ce, don a bakina nake so ki ji. Tunda kin ƙi ɗauka, ga shi a takarda: sunanki aka sa wa yarinyar. Ke kika riƙe ni bayan rasuwar Inna, ban ma yi shawara da kowa ba. Jannat muke ce mata, don bakina ba zai iya kama sunanki ba.

Ki gaida Yaya Mailafiya da iyalinsa, da Ikirama, da matan da suka taru dominmu, ki ba su haƙuri. Ikilima na gaishe ki. Ran Lahadi da hantsi zan kira, don Allah ki ɗauka. Lokacin takwararki take tashi, kuma murya gare ta.

Ɗanki,
Taufiƙ