Kabad Ɗin Fara Na Auta Ne

Da sunan Allah. Ni mahaifinku na rubuta wannan da hankalina cikakke. Likita yana ta kwana-kwana, amma na san jikina.

1. Gidan nan na ku ukun ne, kai Yaya, kai Mai Kemis, da Auta. Kada a sayar. Ɗakin mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, a riƙa buɗe tagarsa.

2. Madubin duba ƙananan halittu a kai makarantar da na koyar. Ku biyun ba ku taɓa leƙa shi ba sai don ku yi mini dariya.

3. Kabad ɗin fara, inda na kafe busassun fara da allurai don bincike, na Auta ne, har allurar ƙarshe. Rayuwata na ƙarar ina jera farar nan dangi-dangi, ina duba fiffike da ƙafa don in gane waɗanda suka fito daga kaka ɗaya. Auta ta girma a gefen teburin, ta bi sawuna. Da ta gwada ƙwayoyin halittarsu, ta gano rukunin da aka san ni da shi ba tsatso ɗaya ba ne, kama ce kawai ta ruɗi ido. Ta wallafa. Gaskiyarta ce. Ranar da na karanta, sai da na yi hawaye don alfahari.

4. Ina kwance a asibiti kuka tare ta a bakin ƙofa, kuka ce ta tozarta ubanta, kada ta sake tako gidan nan. Ni kuma kuka ce mini aiki ya yi mata yawa. Sai makon jiya gwaggonku ta faɗa mini. Duk watannin nan, in aka taɓa ƙofa sai in gyara zama, ina cewa ita ce. Na kira lambarta, ta sauya. Wannan ya fi ciwon cin raina. Wa ya ce muku sunana ya fi 'yata?

5. Yaya, ka je da ƙafarka, ba saƙo ba. Ka ba ta haƙuri, ka ce ta zo ta sake jera farar yadda ta gano. Ina so in gani.

Allah ya yi muku albarka ku duka, ya haɗa kanku bayana. Na yafe muku. In ta iso ba ta same ni ba, ku gaya mata ban taɓa fushi da ita ba, jiranta kawai nake yi.