Sunan da Kika Raɗa Mini da Allon Shagona

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da nake fakewa in rana ta take. Gaisuwa mai tarin yawa daga mai askinki, wanda ya sha kunya yau har ya ƙoshi.

Kin tuna ranar da ruwan sama ya koro ki shagona, na ba ki kujerar aski, ni na tsaya bakin ƙofa ina jiƙewa? Ranar kika raɗa mini sunan nan na Turanci, kika ce na wani saurayi ne a tsohon wasan kwaikwayon Turawa, wanda duniya ba ta taɓa ganin masoyi irinsa ba. Kaina ya kumbura. Kafin mako ya zagayo na sa an rubuta shi ɓaro-ɓaro da jan fenti a allon shago, har maƙwabta suka manta sunana na yanka.

To, yau wani dattijo mai tabarau ya zo gyaran gemu. Ina shafa masa kumfa ya tambaye ni inda na samo sunan. Kin san bakina. Na ce wata mai idon barewa ce ta ba ni, kuma sai na bi sawun mai sunan ƙafa da ƙafa. Dattijo ya ce shekara talatin yana koyar da wasan nan a makaranta: yaron ya yi aure a ɓoye, bai cika mako da amarya ba ya kwankwaɗi guba, ita ma ta bi shi. Dattijon ya ƙara da cewa shi ma 'ya ɗaya tal gare shi, mai idon barewa, kuma bai shirya ba wa mai irin wannan buri ita ba.

Haba, sanyin idona! Me ya hana ki gaya mini Baba yana sa tabarau? Kuma tsakaninki da Allah, kin karanta littafin har ƙarshe kuwa, ko a rabi kika tsaya?

Ya ce in zo gida in gaishe shi ranar Asabar, amma sai allon ya sauka tukuna. Ni kuma tsorona ki wuce ki ga babu shi, ki ce na yar da kyautarki.

Ki yi mini izini in sauke shi, don Allah. Wallahi ina ƙaunarki fiye da yadda ƙasa ke ƙaunar ruwan farko, amma ba na son in mutu dominki. So nake in tsufa kusa da ke, in riga kowa ganin furfurarki ta farko, in rantse miki hasken fitila ne.

Naki har ranar da hannuna zai kasa riƙe reza,

Mai askinki, wanda ya riga ya jingina tsani a gindin allo yana jiran amsarki.