Labarin da Na Ƙirƙira Ya Fitar da Ɗana Daga Sahun Gaba

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa na wannan zaure. A sakaya sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara. Tun farko in faɗa, ni ne da laifi, ba matata ba, ba ɗana ba, wanda zai zage ni ya zaga, na riga shi.

Ni haifaffen Zongon Lome ne, kakana ne ya zo da shanu daga Arewa ya zauna. Ina sayar da kayan gyaran mashin na 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, boko kuwa a kwalej na tsaya, wato ƙaramar sakandare, Faransancina na kasuwa ne. Matata 'yar ƙabilar Ewe ce daga unguwar Adakpame, ta musulunta tun kafin mu haɗu, lokacin aurenmu dangina sun yi ta gunaguni, ni na tsaya kai da fata. Babban ɗanmu namiji ne, bari in kira shi Sadiku ko da yake ba sunansa ba ne, yana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare.

Bara wani mai sayen kaya ya turo mini bidiyo na Faransanci a kan wani Bature masanin falsafa da ya rayu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mutumin ya tsani zamani, ya ce duniya ta lalace ne tun ranar da aka ce kowa daidai yake da kowa, har gwamnatin 'yan fasist ta ƙasarsu gani yake ta yi sanyi. Mai bidiyon ya tambaya, da a ce shi ne ya riƙe mulkin ƙasar a lokacin yaƙin, yaya duniya za ta kasance? Ban gane rabin manyan kalmomin ba, amma abin da na gane ya zauna mini. A lokacin kasuwa ta ja baya, ina kallon jikokin waɗanda suka yi wa kakana kiwo suna gina benaye, yara suna wuce ni da "bonjur" hannu a aljihu. Na ɗauka kishin al'ada nake yi, ashe hassada ce.

Muna da gurup a waya na majalisarmu ta shayi, kuma mu a nan ba a cika karanta dogon rubutu ba, vokal ake yi, wato saƙon murya. Sai na fara ba su labari kashi-kashi. A labarina wannan Baturen ya karɓi mulki, ya ci yaƙin, jiragen ruwansa sun tsaya a gaɓar Lome, ya kori Faransawa, ya rufe makarantun boko, ya jera mutane hawa-hawa, malamai a sama, sai mayaƙa, sai 'yan kasuwa, sai 'yan dako. Da na ga ana turo dariya ana kirana Farfesa, sai na shigo da shi har cikin Zongo. Na ce ya sa an tantance kowa da asalinsa, wanda uwa da uba duk 'yan Arewa ne ya sa farar hula, wanda aka gauraya ya sa baƙa, na raɗa musu suna 'yan rabi, na ce a mulkinsa ɗan rabi ba ya tsayawa sahun gaba a masallaci. Wallahi ina faɗa ina kurɓar shayi, ɗana bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya fi komai ci mini rai yanzu.

Mutum ɗaya ne ya ja mini kunne, wani dattijo mai sayar da goro, abokin mahaifina. Ya ce, "Farfesa, shi wannan Baturen naka in ya sauka Zongo, kana tsammanin zai tsaya duba kalar hularka? Da kai da hular da shanun kakanka duk layin 'yan dako zai sa ku." Aka yi dariya, ni ma na yi, na ce Baba ai labari ne.

Samari suka ɗauki abin. A filin ƙwallo, a bakin shago, sai ka ji ana tambaya, kai fara ce ko baƙa? Wata Juma'a Sadiku ya je masallaci da wuri kamar yadda ya saba ya zauna sahun gaba, sai wasu sa'o'insa suka zagaye shi suna raɗa masa cewa ɗan rabi ya koma baya, dokar Farfesa ce. Da ya yi musu, ɗaya ya kanga masa waya a kunne, ya ji muryata. Ya tashi ya koma can bakin ƙofa inda ake ajiye takalma ya yi sallarsa. Manya suna wurin, wasunsu 'yan majalisarmu ne, babu wanda ya hana. Bai gaya mini ba, ni dai na ga ya daina cin abinci tare da ni.

Uwarsa a kasuwar Asiyeye ta ji, wata ƙawarta ta kunna mata. Da na dawo ta tambaye ni cikin sanyin murya, lokacin da nake cewa 'ya'yan irin wannan aure tsatsa ne a jikin ƙarfe, fuskar wa nake gani. Maimakon in ba ta haƙuri sai na hau bayani, na ce tarihi ne da bai taɓa faruwa ba, ƙirƙira ce. Ta ce abin da aka yi wa ɗanta a masallaci ya faru. Nan na yi ɓarnar da ta fi ta farko, na ce da a cikin Hausa aka haife ta da ta san wasa. Matar da ta fi 'yan uwana mata iya tuwo, wadda ta yi jinyar mahaifina har ya rasu. Washegari ta kwashi ƙananan yaran ta tafi gidan wanta a Adakpame, Sadiku ya bi ta.

Na goge duk saƙonnin amma a banza, wani ya ce mini ya ji su a Kwatano, wani a Ankara ta Gana. Waɗanda suka fi kowa turo dariya su ne yanzu in na zauna a majalisa suke cewa su dama sun ga abin bai dace ba. Har yau akwai yaran da ke tare ni a hanya suna tambaya yaushe za a ci gaba.

Na je Adakpame da dattijon nan mai goro. Wan matata ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa, ya ce shi ba musulmi ba ne amma ƙanwarsa ta gaya masa a addininmu wanda ya riga zuwa shi ke da sahun gaba, ko an canza ne? Matata ta ce tun da a gaban jama'a na faɗa, a gaban jama'a zan janye, da muryata, in ambaci ita wace ce. Yayana ya ce kada in kuskura, zubar da girman gida ne, a bar manya su sasanta a ɗaki. Na saɓa masa na janye a gurup, yanzu shi ma ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Ga inda na tsaya. Matata ta ce ta yafe, amma ba za ta dawo ta bar ɗanta ba. Sadiku ya aiko ta bakin kawunsa cewa ba zai sake kwana a Zongo ba, in ina son su in kama haya a wata unguwa, kuma na ji a can sunan Ewe da kakarsa ta raɗa masa yake amsawa. Mahaifiyata kuma ta tsufa, a gidanmu na Zongo take, ta ce gawarta ce kawai za ta bar gidan, ni ne nake kula da ita. In tashi in bar tsohuwa? In zauna in jira yaron ya huce, alhali kullum ƙara nisa yake yi? Ko in je lise ɗinsu in tare shi, ko hakan zai ƙara kunyata shi? Masu 'ya'ya samari, ku gaya mini gaskiya.

Ga abin da na faɗa a gurup ɗin, ku duba ko akwai abin da na rage. An ce Sadiku ya saurara.

"Jama'a, ni ne wanda kuke kira Farfesa, ban san komai ba. Matata 'yar Ewe ce, kuma ta fi ni tsoron Allah. Yaron da aka tayar daga sahun gaba ɗana ne, ni na tayar da shi, ba yaran nan ba. Sadiku, babu rabi a jikinka, ubanka ne ya gaza. Ka yafe mini."